Talata a Tulamben

Ina idar da sallar asuba muka gangara bakin teku don yin nutso, gari bai gama wayewa ba. A nan Tulamben, arewa maso gabashin tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, babu farin yashin da ake gani a hotuna. Baƙaƙen duwatsu ne masu santsi, suna mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. Dutsen Agung mai aman wuta kuma yana tsaye a bayanmu, tsayinsa ya haura mita 3,000.

Tukwanen iskar da za mu shaƙa a ƙarƙashin ruwa sun riga mu isa. Matan ƙauyen ne ke wannan dako. Na ga wata dattijuwa ta naɗa gammo, aka ɗora mata tukunya biyu, kowace ta fi kilo 12, ta bi ta kan duwatsun nan ko tangaɗi babu. Sai da na tuna matan garinmu da tulunan ruwa. A ganina duk wanda ya zo nutso nan, matan nan ya kamata ya fara gaisarwa.

Jirgin da muka zo gani ba shi da nisa da gaɓa, da iyo ake isa gare shi. Sunansa Liberty, jirgin ruwan dakon kaya na sojan Amurka, tsawonsa kusan mita 120. A watan Janairun 1942 jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya harbe shi, aka jawo shi gaɓar nan aka bar shi. Shekara 21 yana kwance yana tsatsa. A 1963 Agung ya yi aman da ya hallaka mutane fiye da 1,000, girgizar ta zame da jirgin cikin ruwa, ya kwanta a gefensa. Samansa na wajen zurfin mita 5, ƙasansa ya kai mita 30.

Ni iyakata mita 18, abin da takardar shaidata ta nutso ta ba ni ke nan. Kunnena na hagu ya yi gardama a farko. Malaminmu ya yi mini alama da hannu, na ɗan taso sama, na toshe hanci na hura a hankali, ya buɗe.

To, sai ga abin da ya sa muka yi sammako. Wasu manyan kifaye masu baki irin na aku da ƙullutu a goshi, a cikin jirgin suke kwana, da sanyin safiya su fito garke guda. Wasu sun fi mita ɗaya. Sun wuce ta gabana a natse kamar shanu sun nufi kiwo, na ƙirga goma sha ɗaya na daina. Murjani suke gatsa da haƙoransu, har ƙarar ana ji a cikin ruwa, abin da suka kasayar kuma ya zama yashi. Na yi ta tasbihi a zuci, don bakina na riƙe da bututun iska.

Jikin jirgin kuwa da ƙyar za ka ga ƙarfe. Murjani ja da ruwan ɗorawa da soso sun lulluɓe shi kaf, ƙananan kifaye na shige da fice ta ramukan da tsatsa ta ci. Ina kallo ina tuna cewa dutsen da ya binne ƙauyuka shi ya turo wa kifayen wannan gida nan, abin ya tsaya mini a rai. A hanyar dawowa mun ratsa wani fili na baƙin yashi, wasu siraran kifaye sun tsiro daga ramuka kamar ciyawa, kana matsowa su shige.

Mun tsaya minti uku a mita 5 kafin mu fito, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Da yamma na kira Inna. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ɗan nan, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne." Na ce, "In sha Allahu ina kiyayewa, Inna." Ta sa mini albarka, ta ce in turo mata hoton kifin mai goshi. Gobe ƙarfe shida za mu koma.