Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shigarmu Asibitin Koyarwa

A makon jiya na tsaya inda muka gama darasin sassan jiki, wanda muka yi tare da ɗaliban likitanci. Ƙasusuwa 206 na jikin baligi mun haddace su, haka kowace tsoka: daga ina ta taso, ina ta maƙale, wace jijiya ce ke kai mata saƙo. Amfanin wannan hadda bai fito mini sosai ba sai da aka fara tura mu sashen fisiyo na asibitin koyarwa, wato inda ake taimaka wa majiyyaci ya dawo da motsin jikinsa ta hanyar atisaye.

Malamar da aka haɗa ni da ita ba ta yarda ɗalibi ya taɓa majiyyaci bai gwada shi ba. Ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5 ake auna shi. Sifili, babu motsi sam. Ɗaya, za ki ji tsokar na ɗan harbawa a ƙarƙashin yatsunki amma gaɓar ba ta gusa ba. Uku, mutum zai iya ɗaga hannunsa sama da kansa, biyar kuwa ƙarfin mai lafiya ke nan. Komai sai an rubuta, domin wanda bai auna ba, ba shi da bakin cewa an samu sauƙi.

Majiyyacin da ya fi zauna mini a rai wani dattijo ne mai shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama ne ya shanye, alamar illar tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa har maganarsa ta sarƙe. Ɗansa ya kama hannun da ya shanye zai jawo shi ya zaunar da shi, Malama ta yi wuf ta tare.

"Kada ka ƙara jansa ta nan. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, kana ja za ta goce, ya samu ciwon da ba shi da shi."

"To Likita, ba za a ɗan gasa masa ba?"

"Gashi ba shi zai tashe shi ba. Shi ne zai yi aikin, mu koya masa za mu yi."

Ta nuna masa yadda zai riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, sannan ta waiwayo ta ce in fara. Na durƙusa gefen gado na ce, "Baba, matse mini yatsun nan." Ya zuba wa hannunsa ido, goshinsa ya yi gumi. A sati na farko sifili na rubuta. Ranar da na ji wannan ɗan harbawa a damtsensa na rubuta 1, sai da na sake gwadawa don in tabbatar.

Abin da ke faruwa shi ne ƙwaƙwalwa na iya buɗe sababbin hanyoyi idan ana maimaita motsi, kuma an fi samun ci gaba a watanni uku zuwa shida na farko. Shi ya sa raina ke ɓaci idan aka kawo mutum bayan shekara yana kwance, gaɓoɓinsa sun sandare, don kawai ba a gaya wa iyalansa akwai wannan sashe ba.

A gida kuwa har lokacin ana tambayata me ya sa ban karanta likitanci ba, wai wannan ai tausa ce. Nakan ce gaskiya ne da tausa aka faro, don ƙungiyar da ma'aikatan jinya huɗu suka kafa a Ingila a 1894 ta masu tausa ce. Amma sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya da yaran da shan inna ya nakasa su suka mayar da aikin ilimi mai zaman kansa.

Kafin wa'adina ya cika a sashen, Baba ya fara tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu yana dafawa. Daga nan aka mayar da ni ɓangaren yara, inda aka miƙo mini jaririya da hannunta ɗaya ke lilo tun ranar haihuwa. Labarinta sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.