Idan kan famfo ya yi ƙas, tanki ya cika

Yaron yana gabana a gidan mai, bai fi ɗan ashirin da 'yan kai ba. Kan famfo ya yi ƙas ya tsaya, shi kuwa ya dafa bayan motar da hannu biyu yana jijjiga ta, yana ce wa mai zuba man, "Ƙara, da sauran wuri." Na leƙo na ce, "Samari, ya isa haka nan." Ya ce, "To Baba," ko abin da ya toshe kunnensa da shi bai cire ba, ya ci gaba da jijjiga.

Na ji haushi, amma da wane baki? Na daɗe ina wannan aikin, har taya nake sa wa a kan tudu don motar ta karkata, sai na ga fetur yana ƙyalli a bakin tanki hankalina ke kwanciya. Kuma ina da hujja. A tsohuwar mota mai kafireto na koyi tuƙi, wadda in ta cika sai dai ta zubar a ƙasa, shi ke nan. Ga doguwar tafiya, ba ka san inda za ka sake samun mai ba. Babu wanda ya taɓa ce min motocin sun canza.

Ashe sun canza tuni. Tun farkon shekarun 1970 aka fara sa wa motoci a Amurka wani akwati cike da gawayi, makanikai na ce masa kanista, yana tsotse tururin fetur, daga baya injin ya ja ya ƙone. Tururi aka yi shi dominsa, ba ruwan mai ba. Sararin da nake ta ƙoƙarin cikewa a saman tanki kuwa da gangan aka bar shi, don fetur yana kumbura in ya ji zafi. Lita 50 da ta fito da sanyinta daga ƙarƙashin ƙasa, in zafinta ya ƙaru da digiri 20, za ta ƙaru da kusan lita 1. Ina za ta? Sai cikin tiyo, sai kanista.

Motata ta fara da wari. Sannan in na sha mai sai ta ƙi tashi sai da kyar, ta riƙa kakkarwa in tana kunne a tsaye, fitilar injin ta kunnu ta ƙi mutuwa. Aka canza fulogi, aka canza famfon mai, duk a banza. Sai da wani ya jona mata kwamfuta, ya shiga ƙarƙashi ya kwanto akwatin. Nauyi gare shi, fetur na ɗiga, da ya karkata shi gawayin ya zubo a tafin hannunsa, baƙi, jiƙaƙƙe. Burbushinsa har ya toshe bawul ɗin da ke kai tururin zuwa injin. Garin neman ƙiba na samo rama. Ko da yake, a gaskiya, da masu zuba man suna hana mutane, da ban kai nan ba.

Na so in jero muku shawarwari, amma wa zai karanta? Ku da komai kun sani, waya a hannu kuna tsaye kan tururin fetur.

In kan famfo ya yi ƙas, a cire. Kada a jijjiga, kada a ce a cike kuɗin don gudun canji. In fetur ya zuba a jikin mota a goge nan take, yana cin fenti. To, wani kan famfon yakan tsaya da wuri in ana zubawa da ƙarfi, wannan a rage gudu a sake gwadawa sau ɗaya. Sau ɗaya na ce, kodayake ni ma daga sau ɗayan na fara.

In kuwa tanki ba komai amma famfo sai tsayawa yake yi kowane ɗan lokaci, mai yiwuwa kanistar ta riga ta toshe. Ka ce wa makanike ya fara dubawa ta can kafin ya sa ka sayen fulogi.