Famfon sola a saman Bagzan: lissafin jaki da na rijiya

Daga Maraɗi zuwa Agadas mota ce, ko ka bi ta Tawa da Abalak, ko ta Damagaram da Tanut. Daga Agadas zuwa Tabelot, garin da ke gindin dutsen Bagzan, ma mota ce, sai dai duwatsu da rairayin kori. Amma daga gindin dutse zuwa garkar da aka kira mu mu kafa wa famfon sola, hanyar da muka bi ta ƙafa ce da jaki. Mu masu aikin sola a Maraɗi ba mu saba da haka ba, don a Jiratawa amalanke ke kai maka kaya har bakin rijiya.

Bagzan tudu ne a kudancin Abzin, kuma ƙololuwarsa, Idukal-n-Tages, mai tsawon mita 2,022, babu inda ya kai ta bisa a duk Nijar. Mutanen ƙauyukan saman Abzinawa ne masu garka: dankalin turawa, tafarnuwa, albasa, alkama. Maza da yawa suna jin Hausa sarai, gadon ayari ne, tun kakanni suke kawo gishirin Bilma ƙasar Hausa su koma da hatsi.

Kuskuren farko tun a shago muka yi shi. Mun sayi allunan sola biyu masu wat 300, kowane tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, faɗinsa mita guda. A kan jaki ya yi faɗi da yawa. A wata kwana mai matsi gefen ɗaya ya daki dutse, gilashin ya tarwatse gaba ɗaya kamar an watsa gishiri. Dole aka koma Agadas aka samo huɗu masu wat 150. Waɗannan su ne na hawan dutse: biyu a kan jaki guda, ɗaya kowane gefe, fuskar gilashi ta kalli ciki, bargo tsakaninta da akumari, kwali a kusurwoyi huɗu. Igiya ta bi ta kan firam, kada ta ratsa tsakiyar allo. Buhun siminti mai kilo 50 a raba shi biyu cikin mangala don nauyi ya daidaita. Ƙarfen da za a ɗora alluna a yanka shi guntu-guntu, a huda shi tun a Maraɗi, a haɗa da noti, don babu mai walda a sama. Yashi da dutse kuwa kada ka wahalar da dabba, suna nan birjik.

Babban darasin yana cikin rijiya. Can an saba jan ruwa da sa ko raƙumi: dabba ta ja wasaki ta kan ƙarfen juyi, ruwa ya zube a magudana ya bi fangali-fangali. Takarkart suke ce masa. Jan a hankali yake, rijiya na tsatsafowa tana cike gurbin abin da aka ɗiba. Famfo ba shi da wannan haƙurin. Rijiyar da muka samu faɗinta mita 1.4 ne, wato kowace mita ta zurfin ruwa tana ɗauke da lita 1,500 da ɗan ɗori. Ruwan da ke ciki mita biyu. Famfonmu yana fitar da lita 2,500 a awa idan rana ta take. Kafin azahar ya fara shan iska. Dattijon mai garkar ya leƙa ciki, ya ɗago ya ce da ni, "Ɗana, kafin ka sayo inji, ka tambayi rijiyar?" Ban tambaya ba, kuma gaskiyarsa.

Tambayar kuwa ba wuya. A kwashe ruwan har ya kusa ƙarewa, a sa alama a igiya, a riƙa auna yadda yake hawowa duk bayan minti 30, har awa uku. Abin da ya dawo cikin awa guda shi ne iyakar abin da famfo zai ja. Kuma a yi gwajin a bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya fi ja baya, ko a tambayi masu garka inda ruwa ke tsayawa a watan Mayu. Mu tamu rijiyar kamar lita 900 take mayarwa a awa. Sai muka rage gudun famfo daga akwatin sarrafa wuta, muka sa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya sauka, muka gina kwarmin siminti da ke tara ruwa tun safe, a sake shi cikin fangali da yamma. Famfon kuwa muka rataye shi da igiyar roba, rabin mita sama da gindin rijiya. In ya zauna ƙasa, yashin da ambaliyar damina ke turowa zai cinye farfelarsa cikin shekara.

Sai sanyi. Wanda ya san hunturun Maraɗi kawai bai san sanyi ba. A watan Janairu da asuba ruwan buta kan kwana da ƙanƙara a bakinsa. Allon sola kuwa sanyi ƙara masa ƙarfin wuta yake. Kowane allo namu bolt 22.5 yake bayarwa in ba a jona masa komai ba, huɗu a jere 90 ke nan, akwatin kuma iyakarsa 100. Da hantsin sanyi na ga mitar auna wuta ta nuna 97. Da mun ƙara na biyar a jeren, da akwatin ya ƙone rana ta farko. Siminti ma ba ya kamawa da wuri: a zuba shi da hantsi, a lulluɓe da buhuna da tabarma kafin magariba, a ba shi mako kafin a tara ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hanyar ke cin mutanen nan ta kowane gefe. Geron da suke ci daga kudu yake zuwa, irin namu na Tasawa da Damargu, kowane zango ana ƙara masa kuɗi. Dankalinsu kuma, mai kyau ƙwarai, sai ya sauka a bayan jaki yana gogewa, dillali a ƙasa ya rage farashi saboda tabo. Mai naƙuda da haihuwa ta gardama, ko yaron da ciwon haƙarƙari ya kama cikin sanyi, ɗaukarsa ake yi a sauko da shi ta inda allonmu ya fashe. Waya sai ka hau wani dutse da kowa ya sani kafin ta kama. Saboda haka lalacewar abin jaka biyu takan tsayar da famfo wata guda, dankali ya bushe a fangali.

Kafin mu sauko, mun zaunar da samari biyu kwana uku suna kwance haɗin waya suna mayarwa, suna fito da famfo suna wanke matacinsa, suna karanta fitilun akwati. Mun bar musu mita, filaya, sukundireba biyu, fis biyar, mahaɗan waya, salatif mai hana ruwa, da guntun tiyo mita goma. Mun kuma roƙi dattijon kada ya sayar da sansa, kada ya kwance itacen takarkart daga bakin rijiya. Ya ce da ma bai yi niyya ba.