Aikin rufi a tsananin zafi

Zafin da ake faɗa a hasashen yanayi, a inuwa ake auna shi. Mai rufi kuwa a kan kwano yake yini, kuma ranar da iska ta kai digiri 40, kwano mai duhun fenti yana iya haura 70. Shi ya sa ake hawa da sassafe, a sauko kafin rana ta take. Awo da yankan katako a yi su a ƙasa cikin inuwa.

Ruwa ba a jira sai an ji ƙishi. Kofi ɗaya, kimanin mililita 250, duk minti 15 zuwa 20, amma kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa guda, don yawansa yana tsinka gishirin jini. In an daɗe ana zufa, a haɗa da ruwan gishiri da sukari. Fitsari ya yi duhu, jiki ya bushe ke nan.

Sabon hannu shi ya fi shiga haɗari, haka wanda ya dawo daga hutu ko jinya. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba. Ranar farko ya yi kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aiki a rana, a riƙa ƙara masa kaɗan kaɗan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne zafi yana taɓa tunani kafin mutum ya ankara, ga shi a sama. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, a sauko da shi nan take, wani yana riƙe da tsani. In ya fara sambatu, ko magana ta sarƙe, ko yana tangaɗi, abin ya kai ga rai: a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa. Wannan ne dalilin da ba a barin mutum shi kaɗai a sama, ba a kuma kwance igiyar tsaro wai don ta dame shi da zufa.

Kwanon ma yana motsi. Fallen ƙarfe mai mita 6 yana miƙewa fiye da milimita 3 in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, na alminiyum kusan ninki biyu. In an matse ƙusa har robar da ke ƙarƙashin kanta ta baje, wannan kai da komo yana buɗa ramin, ruwan farko ya zo da yoyo.