Kwana uku a gaban zanen Sequeira

Da fensir da littafin zane kawai na shiga gidan tarihin Arte Antiga da ke Lisbon, a zatona yini ɗaya ya ishe ni in kwaikwayi hoton Joaquim Pedro Quintela, wanda Domingos Sequeira, mai zane ɗan ƙasar Portugal, ya zana a 1813. Sai da na yi kwana uku ina zarya.

Yaron ɗan attajiri ne, shekarunsa ba su wuce 12 ba a lokacin. Sarautar Farrobo da ake kiran hoton da ita sai daga baya ya same ta. Yana tsaye ya jingina, ya harɗe ƙafafu, hankalinsa kwance. Ranar farko na fara da idanu kamar yadda na saba, na zauna a kansu har la'asar. Da na ja baya na duba, fuska ta yi kama, amma jikin kamar an dasa sanda. Ashe duk ran hoton yana cikin tsayuwar ne: inda nauyi ya sauka, da yadda kafaɗa ta bi shi ta ɗan karkata. Washegari ban taɓa fuska ba sai da na daidaita wannan.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gefen kumatu. Ni da layi nake killace fuska, shi kuwa mutumin nan haske yake bari ya narke cikin inuwa, har ka rasa inda fata ta ƙare. Farar takarda ta ƙi ba ni haka. Na tuna hotunan wakilan majalisa da ya yi bayan juyin juya halin Portugal na 1820, da gawayi da farin alli, sai na sayo takarda mai ruwan toka. Na shafa inuwa da yatsa, na ɗiga alli a goshi da ƙarshen hanci kaɗai. Nan take yaron ya ɗago.

Ina zane ina tunanin wanda ya riƙe burushin. A 1802 aka naɗa shi mai zanen fada tare da wani mai zane, Vieira Portuense. A 1807 sojojin Faransa suka shigo, gidan sarauta ya tsere Burazil, shi ya zauna, har ya zana kwamandan Faransawan, Janar Junot, a matsayin mai kare Lisbon. Da Faransawa suka fita, aka kulle shi watanni a kurkuku. 'Yan shekaru bayan wannan wulaƙanci ne ya zauna ya dubi ɗan yaro da irin wannan natsuwa, kuma hakan ya taɓa ni ƙwarai.

A rana ta uku wata dattijuwa ta tsaya a bayana, ta dubi takardata, ta dubi bango, ta nuna ƙafar yaron da na harɗe a zanena ta gyaɗa kai. Hannayen dai har yanzu ba su fito yadda nake so ba, su zan koma yi.