Abin da Kuskuren Lissafi Ɗaya Ya Koya Mini

A shekarata ta biyu da kama aiki aka ɗora mini alhakin haɗa rahoton kuɗi na ƙarshen shekara, kuma ana tsakiyar taro shugabar sashenmu ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce jimillar ba ta yi daidai ba. Ashe na shigar da adadi ɗaya har sau biyu. Gyaran bai ci minti goma ba, amma sai da na shafe kusan mako uku abin yana ci mini rai. Da na kwanta sai yatsan nan ya dawo mini a kan takardar, in riƙa faɗa wa kaina maganganun da ba zan iya faɗa wa ko maƙiyina ba: ba ka iya komai ba, sa'a ce ta kawo ka nan, yau ga shi asirinka ya tonu.

A wancan lokaci na ɗauka wannan tsangwama ita ce sanin ciwon kai, wato mai kishin aikinsa shi ne wanda yake hukunta kansa tun kafin a hukunta shi. Sai dai abin da ta jawo mini daban ne. Na daina yin tambaya a ofis don kada a ga gazawata, na riƙa jinkirta miƙa aiki ina ta sake dubawa, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na gano wani kuskuren, tunanin da ya fara zo mini shi ne yadda zan ɓoye shi.

Daga baya na karanta cewa tun a 1978 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun bayyana irin wannan hali a tsakanin mata masu ƙwazo waɗanda duk da nasarorinsu suke jin yaudarar mutane suka yi. Amma aikin Kristin Neff ta Jami'ar Texas ne ya fi taɓa ni. A 2003 ta kasa tausaya wa kai gida uku: mutum ya sassauta wa kansa yayin da ya gaza, ya tuna cewa kuskure ba a kansa farau ba, sannan ya dubi ɓacin ransa yadda yake, ba tare da ya danne shi ko ya zuzuta shi ba. Na biyun ne ya yi mini magani, domin kunya takan sa mutum ya ga kamar shi kaɗai ne tara a cikin masu goma.

Na daɗe ina tsoron kada sassaucin ya zama ƙofar lalaci. Wani bincike da Juliana Breines da Serena Chen suka wallafa a 2012 ya nuna akasin haka: ɗaliban da aka ƙarfafa su tausaya wa kansu bayan jarrabawa mai wuya sun fi daɗewa suna karatu kafin ta gaba. Hakan ya yi daidai da abin da na gani a kaina, domin sai da na daina ɗaukar kuskure a matsayin hukunci kan darajata sannan na iya zama in bincika ta inda ya shigo.

Yanzu ina da ɗan littafin da nake rubuta kowane kuskure a ciki, da musabbabinsa, da matakin da zan ɗauka, ba tare da kalmar zagi ko ɗaya ba. A watan jiya wata sabuwar ma'aikaciya ta zo wurina muryarta na rawa saboda ta aika takarda da kwanan wata ba daidai ba. Na jawo mata kujera, na buɗe littafin nan, na nuna mata shafin farko, sannan muka gyara takardar tare muka sake aikawa.