Kofi ɗaya na fura ya sa na sake sikanin

Wata bakwai ina shan maganin olsa, ashe ba olsa ba ce. Da zarar na ci nama mai kitse ko wani soyayyen abu, sai ciwo ya murɗe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya haura har kafaɗa. Likita ya danna wurin ya ce in ja numfashi, na kasa ƙarasawa don zafi. Ya rubuta min sikanin ɗin maɗaciya, ya ce in je ban ci abinci ba.

Ban ci ba kuwa. Amma bayan sallar asuba na dama fura da nono, kofi ɗaya tak, don zafin Afrilu a Sakkwato ba a fitar masa da ciki wayam. Ni a sanina fura sha ake yi.

Na taso daga Mabera, na biya kuɗi, na bi layi har hantsi ya yi. Mai sikanin ya shafa min man nan mai sanyi, ya yi ta yawo da na'urar, ya ce in juya hagu, in riƙe numfashi. Can ya ɗago kai: "Hajiya, mi kinka sha da sahe?"

Ya juyo min allon. Maɗaciyar da ya kamata ta fito kamar baƙar jaka cike da ruwa ta tsuke, da ƙyar ake gane ta. Maiƙon nono ne ya sa ta matse ta zubar da ruwanta cikin hanji, kuma in ta tsuke haka ba a ganin cikinta sosai, bangonta ma sai ya yi kamar ya kumbura. Awa 6 zuwa 8 ake so mutum ya yi bai ci komai ba kafin sikanin, ruwa zalla kawai, ba shayi da madara, ba kunun gyaɗa.

Mako guda na ƙara da ciwon, na sake biya. A karo na biyu ko minti 15 ba a yi ba, ga tsakuwoyi nan a cikin maɗaciyar fari tas, kowace da baƙar inuwa a bayanta. Na yi hamdala, don yau dai ciwona ya samu suna.

Amma furar nan har yanzu tana ci min rai. Da an ce min "har nono", da ban taɓa ba. Yanzu duk wadda na ji za ta je, sai na tsayar da ita na tambaye ta me take shirin sha da safe.